Makiyayin da ya sa dutse magana

Jama'a, malamai suna da maganarsu a kan sassaƙa surar mai rai, kuma tana nan daram. Amma ko ba ka sayen kaya, ai ka iya gane hannun gwani. Shi ya sa yau zan taɓa aikin Ivan Mestrovic, masassaƙin ƙasar Kuroshiya.

An haife shi a 1883, ya tashi a ƙauyen Otavice yana kiwon tumaki. Yana saurayi aka kai shi koyon sarar dutse a birnin Split, daga nan ya wuce makarantar fasaha ta Biyana. A 1911 ya ci lambar farko a babban baje kolin birnin Rum da mutum-mutumin jaruman yaƙin Kosobo. To, a nan nake da ja. Ayyukan nan ƙirji ne da damtse, kamar kirarin maroƙi: suna cika ido, ba sa shiga zuciya. Ya sassaƙa su ne don burin siyasa, na haɗa kan kabilun yankin a ƙasa ɗaya.

Gwanintarsa ta fi fitowa inda ya rage. Ku dubi mahaya biyu na tagulla da aka kafa a Shikago a 1928, ɗaya maharbi, ɗaya mai mashi. Babu baka a hannunsu, babu mashi. Amma yadda jijiya ta miƙe, kafaɗa ta ja baya, wallahi sai ka kauce wa kibiyar da ba ta nan.

Siyasar kuwa ta nuna masa halinta. Ginin da ya tsara a Zagreb, wanda aka gama a 1938 don baje kolin fasaha, gwamnatin 'yan Ustasha ta mayar da shi masallaci mai hasumiya uku. Kada wannan ya ruɗe mu: gwamnati ce mai kisan gilla, kuma ita ce ta jefa shi kurkuku a 1941. Bayan yaƙi 'yan kwaminis suka rushe hasumiyoyin, suka mai da ginin gidan tarihin juyin juya halinsu. Kowa ya hau mulki sai ya ɗora wa ginin nasa rawanin.

Bayan ya fito ne ya sassaƙa Ayuba: tsoho a tsugune, ƙashi da fata, kai a ɗage sama yana kuka. A ganina nan ya kai ƙarshen gwaninta, domin wannan karon ba yabon kowa yake ba, abin da ya ɗanɗana ne.

Ya koma Amurka yana koyarwa, ya ƙi dawowa zama ƙarƙashin mulkin Tito, amma a 1952 ya bai wa al'ummarsa gidajensa da ayyukansa kyauta. Ya rasu a 1962, aka kai gawarsa Otavice, inda ya yi kiwo. Duk wanda ya san zaman baƙunci ya san ma'anar wannan.