Wai Shin Mene Ne Kwastam?

Yau ƙorafi gare ni a kan wasu marubutanmu na littattafan soyayya, masu barbaɗa Turanci a cikin labari kamar gishiri a miya, ba tare da sun tsaya sun gaya mana ma'ana ba. Su a ganinsu wayewa ce. Ni kam rowar ilimi na ɗauke shi, domin kalmar Turanci ba kasafai take tsayawa a ma'ana ɗaya ba.

Ɗauki kwastam. Mu nan Jibiya da an ce kwastam, ba abin da ke faɗo wa mace a rai sai mai kaki a shingen Magama, da buhun shinkafa, da hanyar Maraɗi. Ba laifinmu ba ne, abin da ido ya gani ke nan, balle da aka rufe boda a 2019 ba a buɗe ba sai 2022, aka kuma rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har sai 2024.

To amma a Turanci asalin custom al'ada ce, wato abin da aka saba. Kuɗin da fatake suka saba biyan sarki in sun shigo da kaya, shi ya zama kuɗin kwastam. Wadda ta saba sayen atamfa a wajenki, ita ce kwastomarki. A fannin shari'a ma da wannan kalma ake kiran kotun al'ada, irin wadda ake da ita a kudancin ƙasar nan. Kin ga duk sabo ne.

Yanzu don Allah ki duba. A ce marubuciya ta sa tauraruwar labarinta ta gaya wa saurayi ita ba za ta saɓa wa custom ɗin gidansu ba, ta wuce abinta ba bayani. Yarinyar da aka cire daga firamare aka yi wa aure ta karanta, me za ta ɗauka? Wallahi sai ta zaci uban budurwar ma'aikacin boda ne, labarin duk ya karkace mata. Kuma fa da 'yan canjin cefanenta ta yi hayar littafin nan. Alhali ga "al'ada" a zaune, ba wanda ya ce ta tsufa. In ma dole sai an sa Turancin, layi ɗaya na fassara ba zai ƙarar da tawada ba.

'Yan'uwanmu na Ɗan Isa, tsallaken boda, su sun huta da wannan ruɗani. Duwan suke cewa, aron Faransanci, shi kuma Faransancin daga diwani na Larabci ya samo ta.