Iyakar Hannun Mai Tace Tsofaffin Littattafai

Littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Rupert East ya jagoranta, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun bi ta hannun maɗaba'u da dama, daga hukumar NORLA zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966, kuma kowane sabon bugu yana buƙatar mai tacewa, wato wanda zai bi rubutun layi-layi kafin a kai shi ga injin ɗab'i. Tun da kwamfuta ta sauƙaƙa sake buga tsohon littafi, wannan aiki ya ƙara nauyi, domin mai buga rubutun yakan zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, ko ya tsallake layi guda bai sani ba, sai ɗalibin sakandare a Lajawa ta ƙaramar hukumar Wudil ya haddace kuskuren yana zaton haka marubucin ya tsara.

Gyaran irin wannan ɓarna wajibi ne, haka ma daidaita rabon kalmomi da haɗa su bisa ƙa'idojin rubutu da aka tsayar a tarurrukan Bamako a 1966 da Kano a 1972 da Yamai a 1980, tunda sauya "ya ke" zuwa "yake" bai taɓa muryar marubuci ba.

Inda ake shiga gonar da ba ta mai tacewa ba shi ne lokacin da ya ga kalmar da ta tsufa, ko karin harshen da ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi a kan Kananci, ya musanya ta da wadda kunnensa ya saba da ita. Imam da yayansa Bello a Katsina suka yi koyarwa, kuma zaɓin kalmominsu shaida ce ta Hausar zamaninsu, wadda mai nazarin tarihin harshe ba shi da madogarar da ta fi ta; haka fam da sule, da naira ta maye gurbinsu a 1973, bayani suke buƙata a ƙasan shafi, a bar su yadda suke a cikin labari. Ya kamata kuma kowane sabon bugu ya faɗi a gabatarwarsa daga wane bugu aka kwafo shi da irin gyaran da aka yi masa, domin malamin da ke riƙe da tsohon kwafi da ɗalibin da ke riƙe da sabo su san dalilin saɓaninsu a aji.