3.2 Rikicin Gida da Zumunci a Wasan Antigoni

Babban jigon wannan wasa, wanda Sofokilis ya rubuta a ƙasar Girka wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne karo tsakanin zumunci da mulki. Itiyokilis da Folinaisis, uwa ɗaya uba ɗaya, sun kashe juna a kan sarautar Tibis. Sarki Kiriyon ya sa aka yi wa na farko sutura, ya hana a binne na biyun don ya kawo wa garin yaƙi. Ƙanwarsu Ismini ta tsorata ta janye, amma Antigoni ta zuba wa gawar ɗan'uwanta ƙasa, alhali ta san hukuncin kisa ne.

Abin lura a nan shi ne, Kiriyon kawunsu ne. A al'adar Hausawa, wurin kawu ɗa kan gudu neman mafaka, amma a wasan kawun ne ya sa aka rufe Antigoni cikin kogo, inda ta rataye kanta. Ganin haka ɗansa Haimon, wanda aka yi musu baiko, ya kashe kansa, uwarsa ma ta bi shi. Ke nan marubucin yana nuna cewa sarkin da ya yanke zumunci don tsare karagarsa, gidansa yake rushewa.