Uwa ko Mawaƙiya? Tarken Ra'ayoyin 'Yan Kallo a kan Fim ɗin Wild Rose

Gabatarwa

Sau da yawa idan muna nazarin wasan kwaikwayo mukan tsaya ga jigo da salo da zubi da tsari, mu mance da 'yan kallo, alhali kuwa su aka yi wa wasan. A wannan fitowa za mu dubi yadda masu kallo suka karɓi wani fim na Birtaniya mai suna Wild Rose, wanda Nicole Taylor ta rubuta, Tom Harper ya ba da umarni. An fara nuna shi a bikin finafinai na Toronto a 2018, ya shiga sinimomin Birtaniya a 2019. Labari ne na wata yarinya mai burin zama mawaƙiyar kantiri, wato irin waƙoƙin karkarar Amurka da iyayenmu suka saba ji a rediyo daga bakin su Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton.

Labarin a Taƙaice

Tauraruwar wasan, Rose-Lynn Harlan, 'yar birnin Gilasgo ce ta ƙasar Sikotland. Fim ɗin ya buɗe ne da fitowarta daga kurkuku bayan shekara guda saboda laifin da ya shafi ƙwaya, an ɗaura mata na'ura a ƙafa mai hana ta fita da dare. Tana da 'ya'ya biyu ƙanana, waɗanda mahaifiyarta Marion, ma'aikaciyar gidan burodi, ta riƙe mata. Ita kuwa ba abin da ke ranta sai birnin Nashbil na Amurka, cibiyar wannan kiɗa. Ta kama aikin shara da goge-goge a gidan wata mai hali, Susannah, wadda ta ji muryarta ta ɗauki aniyar taimaka mata, ba tare da sanin tana da 'ya'ya ko ta taɓa zaman kaso ba. Da asiri ya tonu, komai ya rushe. Daga bisani uwar ta ba ta kuɗin da ta daɗe tana tarawa ta ce ta tafi. Ta je Nashbil, ta tarar da dubban irinta suna neman abin da take nema, ta juyo gida. Wasan ya ƙare bayan shekara guda tana rera waƙarta ta kanta a Gilasgo, uwarta da 'ya'yanta suna cikin taro.

Inda Baki Ya Zo Ɗaya

Babu jayayya a kan Jessie Buckley, wadda ta fito a matsayin Rose-Lynn. 'Yar ƙasar Ayalan ce, amma ta koyi karin harshen Gilasgo, kuma ita ta rera waƙoƙin da bakinta. Ta sami kyautar BAFTA ta Sikotland a 2019, ta kuma shiga sahun 'yan takarar babbar BAFTA a 2020. Waƙar rufe fim ɗin, wadda Mary Steenburgen na cikin marubutanta, ta ci kyautar masu sharhin finafinai na Amurka a 2020. Karɓuwar labarin ta kai har aka mayar da shi wasan dandamali a birnin Edinbara a 2025.

Inda Aka Rabu

Saɓanin yana kan halin tauraruwar da kuma ƙarshen labarin. Muna iya kasa masu ƙorafi gida biyu.

Kashi na farko su ne waɗanda suka kasa yafe mata. A ganinsu uwa ce mai son kai: tana yi wa yara alkawari ta saɓa, tana rarraba su gidajen maƙwabta don ta je gwajin waƙa, tana musun samuwarsu a gaban uwar ɗakinta. Lokacin da muka kalli fim ɗin tare da wasu abokan aikinmu malamai, wata daga ciki ta ce tun daga wannan ƙarya ta daina yi mata fatan alheri, ita dai Marion take tausaya wa.

Kashi na biyu kuwa kukansu akasin wannan ne. Suna ganin marubuciyar ta ɗaga yarinyar sama ne kawai don ta dawo da ita bakin murhu. Suna tambaya: da namiji ne ya bar iyali ya tafi neman suna, shin za a tilasta masa komowa kafin a ce ya yi hankali?

Namu Ra'ayin

Muna ganin kowane kashi ya riƙe gaskiya ta gefe guda ya saki ɗaya gefen. Ga masu fushi da halinta, muna cewa wannan fushi shi ne shaidar cewa alƙalami ya yi aiki. Da an wanke Rose-Lynn tas, aka mai da ita baiwar Allah wadda duniya kawai ta zalunta, da babu abin da za ta koya, mu ma babu abin da za mu jira. Kallon da 'yarta ke yi mata shiru, ba ta cewa uffan, ya fi dogon wa'azi hukunta ta.

Ga masu cewa an karya mata buri kuwa, muna roƙonsu su koma fitowar da ta je Landan wurin Bob Harris, sanannen mai gabatar da waƙoƙin kantiri a rediyon BBC, wanda ya fito da sunansa na gaskiya. Ya yaba muryarta, sannan ya nuna mata cewa ba ta da waƙar kanta, ba ta kuma san abin da take son faɗa wa duniya ba. Nan jigon yake. Duk tsawon fim ɗin waƙoƙin wasu take rerawa, cikin takalma da hular wasu, tana ganin kuskure aka yi aka haife ta a Gilasgo. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Abin da take gudu, wato kurkuku da uwa da 'ya'ya da unguwar talakawa, shi ne kaɗai abin da take da shi wanda mawaƙan Nashbil ba su da shi. Ranar da ta karɓe shi ta sami waƙa. Ke nan komowarta gida ita ce mafarin zamanta mawaƙiya.

Sai dai kashi na biyu suna da hujja a wuri ɗaya. Marubuciyar ta tsallake shekara guda cur, ta kai mu kan dandamali komai ya daidaita. Wa ya riƙe yaran tana koyon rubuta waƙa? Da me aka ci abinci? Wahalar da aka gina fim ɗin a kanta, ta haɗa reno da fasaha, ita ce aka ɓoye mana a daidai lokacin da ya kamata mu ga yadda aka warware ta. Wannan rauni ne a zubi, kuma daɗin waƙar ƙarshe ne ya sa da yawa ba su lura da shi ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, akwai abin ɗauka guda biyu. Na ɗaya, kada tsoron tsinuwar masu karatu ya sa mu riƙa ƙera taurari marasa aibi. Wanda aka fita ana gardama a kansa ya fi daɗewa a zuciya bisa wanda kowa ya yarda da shi ya manta. Na biyu, tambayar da aka yi wa Rose-Lynn ta hau kanmu. Da yawa daga cikinmu muna da murya, amma labaran da muke rubutawa na aro ne, na gidajen da ba mu taɓa shiga ba. Kafin mu sake ɗaukar biro, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa abin da ya sani wanda in bai rubuta ba babu mai rubutawa. Allah Ya sa mu dace.