Gidan Marubuci da Littafinsa

Turawan Ingila mutane ne masu adana gidajen marubutansu. Gidan da aka haifi Shakespeare a Stratford yana nan, haka na Jane Austen a ƙauyen Chawton, da wanda Charles Dickens ya zauna a Landan daga 1837 zuwa 1839. Duk sun zama gidajen tarihi. To, me ziyararsu ke ƙara wa mai nazari?

Mu ɗauki gidan limamin coci na ƙauyen Haworth, inda 'yan'uwa mata uku, Charlotte da Emily da Anne Bronte, suka tashi. Gidan yana kallon maƙabarta, kuma binciken lafiya na 1850 ya nuna fiye da 40 cikin 100 na yaran garin ba sa kai shekara 6. Wanda ya tsaya a nan ba zai yi mamakin yawan mutuwa da maraici a cikin Jane Eyre ba. Zai kuma ga teburin cin abinci da suke zagayawa da dare suna karanta wa juna abin da suka rubuta. A 1846 sun buga waƙoƙinsu da kuɗinsu, aka sayar da kwafi biyu kacal. 'Yan'uwa masu kai littafi kasuwa da guminsu sun san zafin wannan.

Amma a ganina amfanin bai wuce nan ba. Illar ziyarar ita ce takan sa mutum ya ɗauki littafi tamkar tarihin mai shi. Emily ba ta yi aure ba, ta rasu a 1848 tana da shekara 30. Ina ta samo Heathcliff da muguwar soyayyarsa a Wuthering Heights? Bangon gidan ba zai amsa ba. Ƙarfin littafin yana cikin gininsa, watau yadda ta sa labarin a bakin mutum biyu, Lockwood baƙo da Nelly Dean mai aikin gida, kowa da son ransa, har mai karatu ya rasa wanda zai gaskata. Wannan dabara ba a ajiye ta a akwatin gilashi.

Gidan da Shakespeare ya ƙare rayuwarsa a ciki kuwa, wani limami da ya mallake shi ya rushe shi a 1759. Fiye da shekara 200 bayan haka Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo mana wasansa da Hausa, Daren Sha Biyu.