Jinjina ga 'Yan Dakon Dutsen Kilimanjaro

Duk wanda Allah ya nufa da ziyartar gandun Kilimanjaro a ƙasar Tanzaniya, wanda hukuma ta keɓe tun 1973, ya kuma tsaya bisa ƙololuwar Uhuru mai tsawon mita 5,895, inda babu wani tudu a Afirka da ya ɗara ta, lalle ya wajaba a kansa, kafin ya yi alfahari da himmarsa, ya tuna da bayin Allah da suka ɗauke masa wahalar hanya. Su ne 'yan dako, galibinsu talakawa daga Moshi da Arusha da ƙauyukan ƙabilar Chagga na gindin dutsen, waɗanda ake auna wa kowannensu kaya har kilo 20 a ƙofar gandu, ban da nasa guzurin.

Baƙo yana barci suke tashi, bayan ya kama hanya su naɗe tanti, su ɗora a ka, su wuce shi a kan turba mai santsi, ta yadda in ya iso zango a jigace zai tarar da masauki a kafe, shayi kuma da zafinsa. A zangon Barafu, inda babu rafi ko rijiya, ruwan da yake sha da wanda yake alwala da shi a wuyansu ya hau daga nesa, cikin sanyi mai ratsa ƙashi da iskar da ba ta ƙosar da huhu. Wannan kuwa, a ganina, hidima ce da ladanta ya fi ƙarfin ijarar da ake biyansu. Idan ciwon tsauni ya kayar da mutum, su ne ke sauko da shi a gadon ɗaukar majinyata, ko da tsakar dare ne, da sabri da amana. Har sharar da baƙi suka tara su ke kwasowa zuwa ƙasa.