Jinjina ga 'yan Katolikan gabashin Nijar

Daga Maraɗi zuwa Tumur tafiya ce ta sama da kilomita 700, amma duk yankin limancin Katolika ɗaya ne, wanda aka kafa a 2001, kuma Ambroise Ouédraogo ya zama bishop na farko. Mabiyan 'yan tsiraru ne a tsakiyar Musulmi.

Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona musu coci da makaranta a Damagaram. Ba su rama ba. Makarantar ma, galibin ɗalibanta 'ya'yan Musulmi ne.

Da Boko Haram ta tarwatsa ƙauyukan bakin kogin Komadugu, ƙungiyarsu ta agaji, CADEV, ta tallafa wa 'yan gudun hijira a Diffa, ba ta tambayi addinin kowa ba.